Idan waya ta yi shiru: yadda ake riƙe hankali a zaman jira

Bayan girbi, da aka gama zuba hatsi a rumbu, ƙanena ya ɗaure jakarsa ya hau motar Agadas. A Tawa wannan ba labari ba ne. Gidan da ba shi da wani a bida, ko Abijan ko Libiya ko Aljeriya, sai an tona. Daren Lahadi ya kira ya ce gobe Litinin ayari zai tashi, in sun isa Sabha ta Libiya zai neme mu. Daga nan waya ta yi shiru har kwana 38.

Satin farko ba wanda ya damu, kowa ya san hanyar Dirku da Madama ba wurin rezo ba ce. Sati na biyu Inna ta fara ɗaure wayarta a haɓar zane, tana kwancewa tana dubawa ko ba ta yi ƙara ba. Sati na uku na shiga ɗakinta da safe na tarar da kwanon tuwon dare a rufe, miyar kuka ta daskare a kai, ko loma ba a yanka ba. Na ce, "Inna, ba ki ci ba." Ba ta ɗago ba. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wanga, ba ya wucewa. Da na san abin da ya same shi, ko mine ne, da na san kukan da zan yi."

Abin da Inna ta faɗa masana sun gwada shi. A 2016 wasu masu bincike na jami'ar UCL da ke Landan sun sa mutane wasa a kwamfuta: ka ɗaga dutse, in akwai maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja ka da lantarki a hannu. Suka auna gumi da buɗewar ƙwayar ido. Mutane sun fi shiga tashin hankali lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ja su ko a bar su, fiye da lokacin da suka tabbata za a ja su. Wato zullumi ya fi mugun labari cin rai.

Mu kuwa zullumi abincinmu ne. Manomi yana jiran ruwan shuka, matar aure tana jiran saƙon kuɗi ta Nita ko Amana, ɗan kasuwa yana jiran a buɗe iyaka. Duk mun ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, rufe iyakoki, yanke kuran da ke zuwa daga Najeriya, tsadar shinkafa da magani, har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage takunkumin. Daminar 2024 kuma ruwa ya yi ɓarnar da ta sa aka ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba. Wanda ya ce sai komai ya daidaita zai kwantar da hankalinsa, zai tsufa bai kwantar ba. Matakan da zan kawo a nan ba za su sa waya ta yi ƙara ba. Amfaninsu shi ne in ta yi, ta same ka da lafiyarka da hankalinka.

Mataki na farko: fara da jiki

Jiki magayi. Kafin baki ya ce "ina cikin damuwa", zuciya ta riga ta fara dukan uku-uku, wuya da kafaɗa sun riƙe, ciki yana juyawa, barci ya ƙaurace, abu kaɗan mutum ya hau faɗa da yara. Dalili shi ne jiki ba ya bambanta kare da ya biyo ka a lungu da mugun tunanin da ya biyo ka kan tabarma. Duka biyun suna sa shi sakin sinadaran adirenalin da kotizol don shirin gudu. Kare yakan koma bayan minti biyu, tunani kuwa ya kwana tare da kai. Shi ya sa cewa mutum "ka daina tunani" ba ta aiki. Sai an sauko da jiki kafin hankali ya saurara.

Hanya mafi kusa ita ce numfashi. Zauna, tafin ƙafa a ƙasa, hannu ɗaya a kan ciki. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, har ka ji ciki ya taso. Fitar da ita sannu kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Fitarwar ce mai aikin, don ita ke rage gudun zuciya, saboda haka kada ka gaggauta ta. Ba ka buƙatar agogo: ɗauki tasbaharka, kowane numfashi ƙwaya ɗaya. In ka kai mararraba ta farko, ƙwaya 33, ka yi kusan minti biyar da rabi ke nan. In kanka ya fara juyawa, kana shaƙa da ƙarfi ne, sassauta.

Yi shi bayan sallar asuba da bayan isha'i, ko ranar da kake lafiya lau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In abin ya taso da rana tsaka, tafi randa ka yi alwala da ruwa mai sanyi kafin ka yi magana ko ka danna waya. Hadisi ya koya mana cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. A nan ma da jiki aka fara.

Mataki na biyu: raba kayan gida uku

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Damuwa in tana cikin kai dunƙule take, kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Samu kaye da bik. Rubuta duk abin da ke cin ranka, da boko ko da ajami, yadda ya zo. Sannan ka ja layi biyu, shafin ya rabu uku: abin da ke hannuna, abin da ke hannun wani, abin da ke hannun Allah kaɗai.

Ga yadda namu ya kasance. A gida na farko na rubuta: neman lambar mai masaukin da ya sauke su a Agadas, zuwa gidajen samari biyu na unguwarmu da suka tafi tare, neman ƴan garinmu da suka daɗe a Sabha, kai sunansa da hotonsa wurin Kurwa-Ruj, masu aikin sada dangin da suka rabu, tambaya ko sunansa ya bi ta cibiyoyin OIM, hukumar kula da ƴan ci-rani ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na Agadas ko Dirku. A gida na biyu: ko mai masauki zai ɗaga waya, ko mutanen Sabha za su bincika da gaske. A gida na uku: ko yana raye, ko yana lafiya, ranar da zai kira.

Kowane gida da dokarsa. Abin da ke gida na farko a mayar da shi aiki ɗaya mai rana da lokaci. "Zan bincika" ba aiki ba ne. "Talata bayan azahar zan je gidan su wane" shi ne aiki. Kuma kada ya wuce biyu ko uku a rana. Abin da ke gida na biyu a tuntuɓa sau ɗaya, a rubuta ranar sake tuntuɓa, a bar shi har ranar. Ni da kaina na kira wani bawan Allah sau tara a wuni guda, har ya daina ɗagawa, na rufe wa kaina ƙofar da ta fi kusa. Abin da ke gida na uku kuwa addu'a da sadaka ne rabonka a ciki, ba lissafin tsakar dare ba.

Wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara. Aka ce masa ya ɗaure, sannan ya dogara. A ganina kuskurenmu iri biyu ne. Wani ya zuba komai a gida na uku, ko waya bai buga ba, ya kira shi tawakkali. Wani kuma ya kwashe komai ya kai gida na farko, yana kwana yana tuƙa motar da ke cikin Sahara daga kan gadonsa. Na biyun ya fi yawa cikin masu hankali da ɗaukar nauyi, kuma shi ke kai mutum ga hawan jini.

Wanda ba ya rubutu ba a bar shi baya ba. Da Inna ƙwallayen dabino muka yi amfani. Kowace damuwa ƙwallo ɗaya, tana faɗa ina tambayarta wane tuli za mu sa. Da muka gama, tulin hannunta ƙwallo biyu ne kacal: ta ci abinci, ta yi masa addu'a. Ta daɗe tana kallonsu.

Akwai tambaya biyu da za ka ƙara a ƙasan shafin: me na sani tabbas, me nake zato? Abin da muka sani shi ne ya tashi ranar Litinin, yana tare da mutum biyu, kuma ba wanda ya kawo labarin haɗari. Duk sauran zato ne. Sai ka lissafa dalilan shiru gaba ɗaya, masu daɗi da marasa daɗi: waya ta lalace, an sace ta, ba kuɗin layi, ya samu aiki a gona nesa da gari, an tsare shi, ko abin da ake tsoro. Kada ka yaudari kanka da "ba komai", zuciya ba ta yarda da ƙarya ko daga mai ita. Abin da ake so shi ne mugun zato ya koma ɗaya cikin shida, ya daina zama shi kaɗai a fili.

Mataki na uku: ba damuwa lokacinta, sa wa labari ƙofa

Damuwa baƙuwa ce marar kunya, in ka kore ta ta ƙofa sai ta hauro ta katanga. Abin da ke aiki shi ne ka yanka mata lokaci. Minti 20 bayan la'asar, wuri ɗaya kullum, da kayenka a hannu. A nan ka yi tunaninka son ranka, ka duba ayyukan gobe, in kuka ya zo ka bar shi. In ta zo maka da hantsi kana tsakar aiki, rubuta kalma ɗaya ka ce mata "sai la'asar". Kwanakin farko ba za ta ji ba. Ka daure sati biyu. Abu ɗaya: kada ka sa lokacin dab da kwanciya.

Sai waya. A kwanakin nan na ga abin da WhatsApp ke yi wa gidan da ke jira. Wani ya turo bidiyon gawarwaki cikin rairayi, ba rana ba wuri, wataƙila ma na shekarun baya ne. Wani ya turo saƙon murya mai farawa da "an ce". Inna ba ta karatu, amma jikoki suna kunna mata. Sai muka yanke shawara: mutum ɗaya ne mai ƙofar labari a gidan. Komai ya zo, wurinsa zai fara. Ya tambayi wa ya faɗa, yaushe, ya gani da idonsa ko ji ya yi. Abin da ya tabbata ya sanar da kowa, mai daɗi ko marar daɗi, ba ɓoyewa. Abin da bai tabbata ba ya tsaya wurinsa. Labaran duniya kuma sau biyu a rana sun isa, safe da yamma, a rediyo ko tashar da ka yarda da ita.

Wani abu da gidajen ƴan bida ya kamata su shirya masa tun kafin ya zo: kiran da ake cewa an kama ɗanku, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Ana kama mutane don kuɗin fansa a Libiya, gaskiya ne, amma akwai kuma ƴan damfara da ke cin kasuwar tsoro. Ku ce sai kun ji muryarsa, ku yi masa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, kuma kada wanda ya ɗaga wayar ya yanke shawara shi kaɗai cikin firgici.

Mataki na huɗu: kafa turakun yini

In gobe ba ta da tabbas, a sa yau ta zama mai tabbas. Salloli biyar sun riga sun raba mana yini, sai a rataya sauran abubuwa a jikinsu.

Barci ne turke na farko. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum ko daren ya yi muni. A bazara, da zafi ke wuce digiri 40 kuma kuran ke tafiya, yayyafa ruwa a tsakar gida, a kwanta waje cikin gidan sauro. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, in ta yi tsawo za ta cinye barcin dare. In ka kwanta barci ya ƙi, kada ka yi ta juyi: tashi, ɗauki tasbaha, koma in ya zo.

Ga maganar da ƴan fada ba sa son ji. Shayinmu mai ƙarfi ne, kuma rabin kafeyin da ka sha yana nan cikin jini bayan kusan awa biyar. Wanda ya sha na farko da na biyu da na uku ƙarfe goma na dare, ya zo yana kukan tunani ya hana shi barci, tunanin yana da mataimaki. Je fada, hira magani ce, amma bayan magariba ka bar kofi ya wuce ka. Goro da Nescafé ma haka.

Abinci: in tuwo ba ya wucewa, a dama hura da nono, a sha kunu, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma a ci tare da mutane. Tafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a sati, wato rabin awa sau biyar. Da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, ka taka zuwa bakin tabkin Babaye ko ka zaga unguwa. Kuma kada ka daina zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa da kasuwar Lahadi don ranka ba daɗi. Ƙafa ce ke fara tafiya, daɗin rai ya biyo ta daga baya.

Mataki na biyar: ƙirga abin da ke rumbu

Rabin tunanin dare na kuɗi ne, ko ba a faɗa ba. Tsoron "za mu rasa abinci" ba shi da iyaka, amma lissafi yana da ita. Buhun hatsi mai kilo 100 kusan tiya 40 ne. Gidan da ke cin tiya ɗaya da rabi a rana, buhu zai kai shi kwana 26. Auna abin da kuke da shi, raba, ka san ranar da zai ƙare. Lambar tana iya ba ka tsoro, amma tsoro ne mai rana, ana iya shirya masa.

Sannan miji da mata, ko uwa da manyan ƴaƴa, su zauna da rana, ba da dare ba, su amsa: in saƙo bai zo ba wata ɗaya, me za mu rage? In wata uku ne, me za mu sayar, kuma wanne ne farko? Kaji da akuya kafin saniya, saniya kafin gona, iri kuwa ba a taɓa shi. In akwai bashin mai butik, je ka same shi kafin ya aiko, ka faɗa masa abin da za ka iya, ko jaka ɗaya ce a sati. Kunyar minti biyar ta fi sauya hanya wata uku. Mata kuma su riƙe adashe da asusu ko da dala ashirin ne. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Maradi a 1991, wanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, ba kuɗi kaɗai yake tarawa ba. Zaman sati-sati ne da mace ke ganin ba ita kaɗai ke jira ba.

Mataki na shida: samu mutum ɗaya

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, ba kowa ake buɗe wa ciki ba. Amma karin maganar ba ta ce kada a faɗa wa ko mutum ɗaya ba. Zaɓi wanda ba ka taɓa jin sirrin wani a bakinsa ba, wanda ba ya gaggawar wa'azi, wanda in ka tashi daga wurinsa kake jin sauƙi. Yana iya zama gwaggo, aboki, liman, ko maƙwabciya. Faɗa masa abin da kake so tun farko: "Ba shawara nake nema ba yau, so nake ka ji ni."

A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya koyar da tsofaffin mata sauraro da taimaka wa mutum ya warware matsala ɗaya bayan ɗaya, suna zaune kan benci a harabar asibiti. Ciwon da suke magani a harshensu sunansa yawan tunani, kamar dai yadda muke faɗa. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu tsofaffi da tabarma ba su yi mana ƙaranci ba, sauraron ne ya yi.

In kai aka zaɓa, ajiye waya, bar shi ya kai aya. "Yi haƙuri" kalma ce mai kyau, amma in ta zo da wuri marfi ce. Haka "wane ya fi ka shiga uku". Tambaye shi: "Me ya fi damunka a ciki?" Sannan: "Wane abu ɗaya za mu iya yi kafin Juma'a?" Maza su ne abin tausayi a nan. A fada ana iya kwana ana gardamar kokowa da siyasa, mutum yana dariya da kowa alhali kwana huɗu bai runtsa ba. In ka ga abokinka ya rame ko ya yi shiru, kada ka tambaye shi gaban jama'a. Raka shi gida, ka tambaya a hanya.

Yara ma suna ji, ko an yi ƙasa da murya. Faɗa musu gaskiya daidai shekarunsu: "Ba mu ji daga baba ba tukuna, muna nemansa, ku ba laifinku." Fitsarin kwance ko rikici da ya dawo a irin wannan lokaci tsoro ne, bulala ba ta maganinsa.

Mataki na bakwai: addu'a, ba tare da zargin kai ba

Cikin addu'o'in Annabi (SAW) akwai neman tsari daga hammu da hazan. Malamai sun ce na farko zullumin abin da bai zo ba ne, na biyu baƙin cikin abin da ya wuce. Mai jira yana tsakanin biyun. Riƙe wannan addu'a safe da yamma.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce wa mai kuka imaninsa ya yi rauni. Annabi Yaƙub ya yi shekaru bai san halin da Yusuf yake ciki ba, ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Suratu Yusuf ta nuna abu uku da ya haɗa: ya kai kukansa ga Allah, ya aiki ƴaƴansa su je su bincika, ya hana su yanke ƙauna. Wannan ƙissa na sa wani malami ya karanta wa Inna da fassara. A ranar ta yi kuka sosai, ta kuma sha hura.

Mataki na takwas: san ranar da za a je likita

Tun ƙarni na 9 zuwa na 10 malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya bambanta baƙin ciki mai sanannen dalili da wanda ke danne mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Saboda haka zuwa likita don ciwon rai ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi.

Je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, in an kai sati biyu kusan kullum rai a ɓace, abin da ke ba ka daɗi ya daina, barci ko ci sun rikice, ba ka iya aikinka ko kula da yara. Je ko ciwon ya zo da siffar jiki: kai da ba ya sauka, faɗuwar gaba, jin abu na yawo a jiki. Faɗa wa majo, babban ma'aikacin lafiya na wurin, duka, har da tunanin, kada ka tsaya ga ciwon kai. A auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da masassara, don su ma suna kawo kasala da bugun zuciya. Ciwon ƙirji mai tsanani ko numfashi da ya ƙi, wannan asibiti ne nan take. In abin ya fi ƙarfin CSI za su tura ka babban asibitin jiha a nan Tawa, a Yamai kuma babban asibitin ƙasa yana da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da aka sani da Pavillon E. Mai jego da ta yi sati biyu tana kuka, ba ta barci ko jariri ya yi, ko ba ta son ɗaukarsa, a kai ta, kada a ce shagwaɓa ce.

Akwai abin da ba ya jiran sati biyu: mutum ya ce gara ya mutu, ko ya fara rabon kayansa yana sallama, ko yana jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci yana surutai. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe piya-piya da sauran maganin ƙwari da ƙwayoyi da igiya daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar. Wanda ke son ruƙiyya ya yi, ba ta hana likita, likita ma ba ya hana ta. Duka da ɗauri da mari kuwa ba magani ba ne a kowane littafi.

Kuma a yi nesa da tiren masu tallar magani. Tramol yana ɗauke gajiya da damuwa na ƴan awoyi, sannan ya kama mutum, in ya yi yawa har farfaɗiya yake kawowa. Ƙwayar barci irin diyazefam ma tana kamawa, kuma wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa sannu-sannu. Maganin da likita ke bayarwa na ciwon damuwa yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa, kada a yar da shi a kwana na biyar.

Ranar kwana na 38, muna tsakar sallar magariba, wayar Inna ta yi ƙara da baƙuwar lamba. An tare su a hanya an ƙwace wayoyi da kuɗi, ya yi wata guda yana aiki a wata gona kafin ya samu mai ara masa waya. Inna ba ta tambaye shi komai ba sai, "Kana cin abinci?" Ɗaya cikin samarin da suka tafi tare ya rabu da su tun a hanya, gidansu har yau suna jira, kuma duk Juma'a Inna takan ɗauki hura ta je ta zauna da uwarsa. Bana ƙanena ya zo ya yi noma, bayan girbi ya sake ɗaure jaka. Kafin ya tafi na sa shi ya haddace lambobi biyu, ya rubuta su a takarda ya ɗinke cikin wando, muka kuma yi da shi cewa shirun kwana goma na farko ba a ƙirga shi. Yau kwana shida. Kayen yana cikin akwati, na ja layuka biyu a sabon shafi.